Audu bai taɓa janye hannunsa ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune da safen nan aka kira ni a waya: Audu mai doya ya rasu. Jiya da yamma ya faɗi a gonarsa ta Adogi, har an yi masa sutura ban sani ba.

Yawancinku a kasuwa kuka san shi. Ku bar ni in faɗi abin da na sani, ko da yake da nauyin baki nake faɗa.

Tun da mai ɗakina ta rasu, 'ya'ya kuma duk suna nesa, a majalisar unguwarmu nake cin abincin rana. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa, a sa hannu tare. Ni ba ni da mai dafa mini, amma ba a taɓa goranta mini ba.

Wata shekara, bayan na tashi daga zazzaɓi, ƙuraje suka fito mini a gefen leɓe. Suna fara bushewa sai ga wani irin tabo a tafin hannuna da bayansa, zagaye-zagaye, da duhu a tsakiya kamar idon kifi. Cikin baki ya yi gyambo, ko ruwa da ƙyar nake haɗiyewa.

Na je majalisa na miƙa hannu. Na farko ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu, Malam." Na biyu ma haka. Da aka zo ci, aka ɗebar mini nawa a murfin kwano.

Ba wanda ya faɗi baƙar magana. Na koma ɗaki na kulle, har jam'i na daina fita.

Audu ne ya zo ya yi ta dukan ƙofa. "Baba Ticha, buɗe mana! Ba gaisuwa na zo ba, madam ya dama kunu, ya ce in ban ga ka sha ba kar in dawo gida."

Da na buɗe, hannun nan nawa ya fara kamawa ya riƙe.

Ya ce sai mun je asibiti, amma jiri ba ya barina zama a bayan mashin ɗinsa. Sai ya ɗaure ni a jikinsa da zanen matarsa, kamar goyo, muka ratsa tsakiyar Lafia zuwa asibiti. Ni da na yi hedimasta, tsofaffin ɗalibaina suna kallo. Na sunkuyar da kai, shi kuwa sai ɗaga wa mutane hannu yake yi.

Likitar ta ce sunan ciwon erythema multiforme. Jiki ne ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe, wani lokaci kuma magani ne da bai karɓi mutum ba. Ta sa na lissafa duk abin da na saya a kemis, ta duba idanuna, ta ba ni maganin kurkure baki, na shafawa da na rage zafi. Da abin ya riƙa dawowa ta ɗora ni a kan ƙwayar da ke danne ƙurajen. Ta ce tabon hannu ba a ɗauka. Ƙurjin leɓe ne in yana ɗanye, kada a haɗa kofi da ni.

Audu ya kai ni majalisa, ya ɗaga hannuna sama. "Dokta ya ce wannan ba ya kama kowa. Wanda ya fi dokta sani ya yi magana." Ya jawo kwano gabanmu, muka ci tare. Kafin a tashi sauran sun matso.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'a ce. Ya kalli bakina ya ce, "Baba, abokinka ƙurji ya leƙo fa. Ina ƙwaya?" Na ce ta ƙare. Ya ce, "Bari in gama cire doya, in zo in goya ka."

Yanzu tabon ya fito, hannu biyu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da aka gaya mini rasuwar, ina ajiye wayar hannuwana na kalla. Ana zaman makoki a Adogi, wurin mutanen da ba su san ni ba, kuma kowa sai an ba shi hannu. Na yi ta gaya wa kaina addu'a daga ɗaki ma ta isa.

Amma matarsa da 'ya'yansa ba su taɓa jin wannan daga bakina ba, kuma ya kamata su ji. Zan je. In a cikinku akwai mai tafiya Adogi gobe, don Allah ya biyo ta kaina. In a mashin ne ya taho da abin ɗaure ni.

Allah Ya jiƙan Audu, Ya yafe masa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.