Laimar Kwaɗi a Gindin Kuɓewar Kaka

Jiya da ruwa ya ɗauke, warin jiƙaƙƙen takin awaki ya bugi hancina, sai zama ya gagare ni. In tashi, in zauna, in leƙa bayan ɗaki. Bari dai in faɗa muku.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan ce, muna ƙauyenmu kusa da Sule Tankarkar. An cinye komai, har iri. Abin da ya rage wa kakata irin kuɓewa ne a ƙullin tsumma, bai cika tafin hannu ba. Daga gidansu na tsallaken iyaka ta zo da shi tun tana amarya, irin wata kuɓewa ce 'yar gajera ja, tana juya shi shekara da shekaru. Ta shuka shi duka a bayan ɗaki, tsakanin yakuwa da ɗoɗɗoya, ta jibga taki.

Da marka ta kankama sai ga laimar kwaɗi, farare fat, cirko-cirko a gindin kuɓewar. Ni aka ɗora wa cirewa. In cire yau, gobe sun ninka. Ko tuwo nake ci hankalina yana can.

Na ce, "Kaka, cinye kuɓewar nan za su yi."

Ta ce, "Ke dai cire da hannu, uwar gaggawa. Taki suke ci, baƙin kwana biyu ne."

Ni kuwa tun ina ƙarama ba na son abu ya fi ƙarfina. Ran da ta tafi gaisuwa Ɗanzomo, na ɗauko tukunyar ruwan tokar da ta tace don girki, na bi gindi-gindi na tuttule. Laima kam ta narke. Kwana biyu, kuɓewa ta bi ta, ganye ya ƙone ƙurmus.

Ba ta dake ni ba. Tsugunawa ta yi tana tona gindin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai sauran rai. Da ta kai na ƙarshe ta ce, "Na uwata ne fa, 'yar nan."

Yau duk unguwarmu babu mai hannun kuɓewa irina, ku tambaya. Amma iri a leda ake sayo shi, dogaye, yauƙin ba laka. Duk mai shiga kasuwar Maigatari sai na tsare shi, ya tambayar mini mutanen tsallake 'yar gajera ja. An kawo mini kala-kala, na shuka, na jira. Har yanzu ba ita ba ce.