Kujerar Anti Salamatu a ɗakin gwajin ji

Da safen nan, ina sa takalmi zan fita aiki, ƙanwar Anti Salamatu ta kira ni daga Bwari. Anti ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ta koya min gwada jin ƙananan yara a asibitinmu. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce maka "na ji" ba, sai da wasa. A sa masa hedifon a kunne, a ba shi murfin kwalba ya riƙe a kumatu, in ya ji ƙara ya jefa a bokiti. Ita tana zama gefensa a wata 'yar kujera ja, ni ina bayan gilashi ina danna na'ura.

Ranar da na fara aiki na sa wani yaro kuka. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Hauwa, durƙusa. Tsayinki ne ke ba shi tsoro."

Kullum da gasasshiyar doya a jakarta, rabi nawa ne.

Ranar Juma'a muka rabu. Bayan an tashi ta shiga ɗakin gwajin ta sa hedifon, wai in gwada ta. Ban taɓa komai ba ta ɗaga hannu.

Na ce, "Anti, ban danna ba fa."

Ta kasa kunne. Ta ce, "To wa ya kira sunana?"

Muka yi dariya.

Jiya ba ta zo ba, aka ce zazzaɓi ne. Bayan azahar sai ga wata yarinya, Nana, da mamanta daga Uke. Yarinyar ba ta magana, iyayenta na tsoron kurma ce, kuma ba ta yarda da kowa sai Anti. Na sa mata hedifon, ta watsar da murafen. Na koma bayan gilashi ina shirin ce musu su dawo wani satin.

Sai Nana ta juya wajen jar kujerar. Ba kowa a kai. Ta yi murmushi, ta gyaɗa kai, ta ɗauki murfi ta kai kumatu.

Na danna, ta jefa. Na rage ƙarar, ta jefa. Duk jefawa sai ta kalli kujerar tana jiran tafi.

Kunnenta na hagu yana ji. Mamanta ta zube tana kuka.

Da za su fita, kujerar Nana ta ɗaga wa hannu, ba ni ba.

Ƙanwar Anti ta ce tun jiya bayan azahar ta daina gane mutane, bakinta dai yana motsi tana cewa "yauwa, yarinya."

Yau ban iya buɗe ɗakin ba.

Ya Allah Ka gafarta wa Salamatu, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni ma ku sa ni, gobe akwai yara a layi.