Mai Wankin Hula a Cikin Manya

Ni mutum ne da magana ba ta ƙare masa. Matata ta ce ko cikin rijiya aka jefa ni sai na sami kwaɗon da zan ba labari. Amma bara 'yata ta aji huɗu ta ƙure ni da tambaya ɗaya. An ce kowa ya kawo hoton gwarzon ƙasa makaranta, muka zauna ina nuna mata su a waya, ina zuba tarihin kowa kamar da ni aka yi, sai ta ce, "Abba, shi Kaka yaya kamanninsa suke?"

Fuskar kowane babban mutum na ƙasar nan tana cikin kaina, har inda gilashinsa ke zama a hanci. Amma fuskar mahaifina, wanda ya rasu ina shekara goma sha uku, na neme ta na rasa. Muryarsa tana nan. Ƙamshin sitaci a hannunsa yana nan. Fuskar ce ta tafi ba sallama.

Baffa muke ce masa, kuma wankin hula ne sana'arsa, a wata rumfa a bakin hanya cikin unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo. Gaban rumfar kullum huluna ne a jere, an kafa su kan itatuwan da aka sassaƙa kamar kai, suna shan rana. Daga nesa sai ka rantse dattawa ne suka nutse cikin ƙasa har wuya suna sauraron wa'azi.

A bangon rumfar akwai wata kalanda wadda shekararta ta wuce tun kafin a haife ni, amma ba wanda ya isa ya taɓa ta. Manyan ƙasa ne a cikinta, sahu-sahu: waɗanda suka karɓo 'yancin kai, da malaman da suka gabace su. Baffa bai yi boko ba, a rediyo da bakin malamai ya ji tarihinsu, sai dai yana da nasa ma'aunin, wato abin da ke kan mutum.

"Dubi wannan mai farin rawani," in ji shi, yana gurzar hula da buroshi. "Mutumin da ya zauna aka naɗa masa wannan bai motsa ba, zai iya haƙuri da talakawa." Mai doguwar hula kuwa, cewa yake tunda hularsa ba ta karkace ba, bai ci amanar kowa ba. Akwai wani ɗan kudu mai lanƙwasasshiyar hula. Shi ma Baffa ya yarda namu ne, sai dai da ya biyo ta Jalingo da an gyara masa ita. Akwai wata malama a lulluɓe da ta koyar da mata karatu, ya ce ita ba ta buƙatar hula, abin da ke cikin kanta ya ishe ta. Can sama kuma wani shehin malami ne wanda ya rayu tun ba a san na'urar hoto ba, don haka zana shi aka yi. Nan Baffa yake rage murya.

"Wannan ba wanda ya san fuskarsa, hannu ne ya ƙaga. Amma ga shi har yau ana karanta littattafansa."

Masu kawo wanki kan nuna kalandar su ce irin kafin hular wancan suke so. Baffa sai ya dubi kan mutum ta gaba, ya zaga ya duba ta baya, ya ce, "Alhaji, kanka bai kai ba. Bari in yi maka daidai da kai."

Babban amininsa wani kafinta ne Bamumuye, Kirista, mai shago kusa da rumfar. Shi ya sa wa kalandar gilashi da katako don kada gara ta ci. A shekarar aka ɗauki Baffa hoton katin shaida, hoto ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarsa a duniya, aka ba shi ragowar guda. Kafinta ya faki idonsa ya cusa hoton a kusurwar ƙasa, ƙarƙashin mai farin rawani, ya buga ƙusa.

"Cire ni," in ji Baffa. "Kada ka haɗa ni faɗa da manya."

"Kai ka wanke hular rabin garin nan. Su hular wa suka wanke?"

"To ai ko gaisuwa ba mu taɓa yi ba."

"Ga ka nan kusa, sai ku fara."

Hoton ya zauna. Ni kuwa na tashi ina ganinsa a sahu, na ɗauka haka gwamnati ta buga. Ranar da malaminmu ya ce a lissafa gwarazan ƙasa, na miƙe na jero su tiryan-tiryan, na rufe da Baffana. Dariyar da ajin ya yi, ina da yaƙinin sai da masu wanki a kogin Mayo Gwoi suka ɗaga kai. Da labarin ya kai rumfa, kafinta ya yi dariya har ya zauna a kan hular wani alhaji.

Bayan rasuwar Baffa aka rushe rumfar, muka koma gidan Kawu, kayan suka watse. Shekara talatin da wani abu ban tuna da kalandar ba sai ranar tambayar 'yata.

Na fara zuwa wurin Inna, mahaifiyata. Na ce ta kwatanta mini shi.

"Kyakkyawa ne," in ji ta, tana tsince wake.

"Inna, hancinsa fa?"

"Yana da shi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai da na kai ƙofa ta ce in nemi kafinta, in yana raye, don shi ya kwashe abin da ya rage a rumfar.

Na same shi a unguwar Yelwa, gidan ɗansa, ya tsufa ya lanƙwashe kamar ƙusar da aka buga a dutse. Na gaishe shi, na fara bayanin ko ni wane ne, ya katse ni.

"Kai ne ɗan da ya sa babansa a jarrabawa. Tumbin nan daga ina? Shi ba shi da shi."

Ya ja ni ɗakinsa. Ga kalandar a bango, gefen kalandar coci, gilashinta a goge tas. Zuciyata ta riga ƙafafuna isa. Mai rawani yana nan, mai doguwar hula yana nan, ba wanda ya tsufa da kwana ɗaya. Na durƙusa na dubi kusurwar ƙasa.

Wata damina kwanon ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya bi bango ya taru a gindin katakon. Fuskar Baffa ta wanke, ta koma fari fat kamar an shafa alli. Hular ce kawai ta rage, tsaye, ba ta karkace ko kaɗan ba.

"Na hau na toshe kwanon da kaina," in ji tsohon. "Ruwan ya riga ni. Yi haƙuri, ɗana."

Shi ya sauke kalandar da hannunsa, ya goge inda take da hannun riga, ya miƙa mini.

A gida 'yata ta daɗe tana kallo. Ta ce ai ba fuska. Na nuna mata shehin malamin da ke sama, na gaya mata abin da Baffa yake faɗa a kansa. Sai ta ɗauko takarda da fensir ta kwafi hular, ta zana fuska a ƙarƙashinta, da idanu kamar ƙwan zabo.

"Haka yake, Abba?"

Na ce ban sani ba, mu kai wa Inna.

Inna ta riƙe takardar nesa da ido, ta matso da ita, ta sake nesanta ta. Har waken da ke kan wuta ya fara kamawa ba ta motsa ba.

"Kunnen ya fi haka girma," ta ce. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin filo, ba ta mayar mana ba. Dole 'yata ta kai hoton mai farin rawani makaranta.

Kalandar tana falona yanzu. Baƙi kan tambayi wane ne wannan farin wurin a ƙasa, ni kuma in ba su labari, in ƙara gishiri yadda na saba. Amma da safe, kafin gida ya tashi, nakan tsaya gabanta da kofin shayi. Kunnuwa dai na samu. Wata ran nakan ji kamar sauran na tafe, kamar mutum ya tsaya bayan labule yana gyara murya. Sai in yi shiru, abin da duk Jalingo ba wanda zai yarda na iya, in jira har shayin ya huce.