Allon Ƙanƙara a Hindawiyya

Na gaji da gyare-gyaren maigidana tun kafin furfura ta fito mini. Tun da ya ajiye tuƙin tasi, babu mai gyaran da ya sake taka gidanmu na unguwar Hindawiyya. Famfo ya yi yoyo, shi ne. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya daina sanyi, shi ne, ko da za mu yi kwana da kwanaki muna fifita a zafin Makka. In na ce a kira masu sana'ar, sai ya ce ai su ma ba da sukundireba aka haife su ba.

Autanmu kuwa karatu ya kai shi wata ƙasa mai sanyi, ya dawo mana da takardar shaida da wani dogon allo da ake ɗaure ƙafafu a kai, a zamo daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Ya samu aiki a Jidda, amma duk hunturu sai ya ɗauki hutu, ya saɓa allon a doguwar jakarsa ya tafi. Abokansa na can kullum suna zuga shi ya koma gaba ɗaya, na sani. Ni dai abin da na riƙe ɗaya ne: muddin allon nan yana dawowa bayan ƙofar ɗakinsa, shi ma zai dawo.

Ana saura kwanaki ya yi tafiya, yana wurin aiki, uban ya zuge jakar. Ya tarar an dambara wa cikin allon kaki mai kauri, ƙarfen gefensa kuma kaifi kamar aska.

"Zo ki ga aikin warsha," in ji shi, yana nufin shagon da ke gyara wa yaron allon a can. "Ko goge dattin ba su yi ba. Wannan kaifin kuma, so suke ya yanke wa yaro ƙafa?"

Na ce, "Malam, ƙanƙarar da ka sani ta firji ce. Ka bar masa kayansa."

Ya ce katako katako ne, ya haye rufin gida da shi.

Ya kankare kakin da wuƙar kicin ɗina, ya wanke da fetur. Ya bi ƙarfen da magagari har sai da ya dakushe sumul. Inda duwatsu suka karce, ya cike da abin cikon jikin mota, ya shafe allon duka da man katako mai sheƙi, sannan ya shanya a rana. Ranar Makka ba ta san wasa ba. Kafin la'asar bakin allon ya ɗaye, ya kawo gam ya liƙe. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, ina kallo. Sai dai rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun yana tuƙi, har ƴar waƙa yake yi a ciki-ciki, shi ya sa bakina ya yi nauyi.

Da yaron ya zo, uban ya jingina allon a falo inda fitila za ta haska shi. Autan ya tsuguna, ya bi gefen da babban yatsa.

"Ya buya," ya ce a hankali, yadda yaran Makka ke kiran uba, "kaifin nan shi ke riƙe ni a kan ƙanƙara. Shi ne burkina."

"Dattin fa?"

"Kaki ne. Da gangan suke barinsa in za a ajiye, kada cikin ya bushe, kada ƙarfen ya yi tsatsa."

Ba a yi wa tsohon direba bayanin burki sau biyu. Malam ya zauna, ya zuba wa hannuwansa ido. Yaron ya tashi ya sumbaci kansa, ya ce, "Ma'alesh, ba komai. Allah ya ba ka lafiya, ya yi sheƙi." Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ya tafi da jakar kaya kawai. Daga can ya kira ni, yana murna. Ya samu wani allon, kuma masu warshar sun ce za su riƙa ajiye masa daga hunturu zuwa hunturu, su gyara kafin ya iso. "Halas, shi ke nan, ummi, na huta da dako." Na yi masa fatan alheri, na ajiye wayar.

Hutun da ya biyo baya ya fi tsawo. Daga nan sai zancen aiki a can, kuma ya karɓa.

Tsohon allon yana nan bayan ƙofa, Malam yana share masa ƙura duk Juma'a. Kwanan baya ina waya da yaron, uban ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ki gaya masa in ya kawo sabon, ba zan taɓa ba."

Na faɗa masa. Ya yi dariya, babu mugun nufi a ciki, ya ce, "Ai ba sai na kawo shi ba, ummi, yana da wurinsa a nan."

Malam ya tambaye ni me ya ce. Na ce yana gaishe shi.