Kwana 213 Ba Hatsari

Na kawo kaya masana'antar robobi, ina jiran a sa mini hannu, sai idona ya faɗa kan mai kula da lafiyar ma'aikata. Gajere ne mai tumbi, hular kwanonsa fara fes kamar ba ta taɓa kusantar inji ba. Yana tsaye gaban allon da aka rubuta: "Kullum muna gyarawa. Kwana 212 ba hatsari."

Wata ma'aikaciya na gefensa, hannunta naɗe da tsumman da jini ya jiƙa.

"Yallaɓai, murfin injin yanka ya sake faɗuwa. Sau uku ke nan ina faɗa."

Ko kallonta ba ya yi. "Ƙwarzane ne, baiwar Allah, ba hatsari ba. Je ki wanke."

Ya lashi yatsa ya goge biyun ƙarshe, ya rubuta uku, har yana ja da baya yana duba ko ta yi kyau.

A nan na lura da yadda yake riƙe da alli: yatsu biyu na hannun damansa babu su. Wato shi ma ya taɓa tsayawa gaban irin wannan injin. Da na ɗauka rashin sani ne, ashe ya san zafin sarai.