Baƙaƙe a Hannun Rakiya

Na daɗe a aikin koyarwa, ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da ƴan kolejin Magaria suka zo mana wasan eshek ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuna ganin allunan nan a ofishin sirbeyan, mai kula da ɗalibai, ku ɗauka ku buga ku mayar, kamar da su aka gina makarantar. To bari ku ji yadda suka zo hannunmu.

Lokacin ina koyar da lissafi a nan kolejinmu na yankin Dungas, kamar yanzu. Eshek kuwa a Damagaram na koye shi, muna makarantar horon malamai. Ga wanda bai sani ba, shi ne wasan da wasu ke kira darar Turawa. Farare gefe guda, baƙaƙe gefe guda, kowa na neman ya ritsa sarkin abokin wasansa, kuma a doka farare ne ke fara tafiya. Ranar Laraba da yamma ba a karatu, sai in tara yara ƙarƙashin dogon yaro in koya musu. Allonmu kwalin taliya ne da muka zana wa gidaje. Ƴaƴan wasan kuwa yara suka gina da yumɓu, aka shafa wa rabi baƙin tukunya, duk wanda ya riƙe baƙaƙe sai ya tashi da hannu dumu-dumu. Su suka raɗa musu sunaye. Mai tafiya miƙe suka ce masa rumbu saboda siffarsa, mai tafiya a karkace wawa, ƙananan na gaba sojoji. Doki da sarki da sarauniya suka tsira da sunayensu.

Bayan an gama girbi a shekarar, wata ƙungiya ta aiko da alluna biyar na gaske, da ƴaƴansu na katako har da agogo, zuwa ofishin mai kula da makarantu. Muka roƙa, Magaria ma suka roƙa. Mutumin ya rasa wanda zai ɓata wa rai, sai ya ce a buga: yara biyar daga kowace makaranta, wanda ya ci ya kwashe duka. Aka ce a makarantarmu za a yi. Na yi murna ƙwarai, domin na gaji da ganin ruwan sama na cinye mana dawaki.

Tsarin irin wannan gasa shi ne a raba launi. Idan kun riƙe farare a allo na ɗaya, su su riƙe a na biyu, haka har ƙarshe. Amma Direkta Mamman, shugabanmu na lokacin, shi ya je taron shirya abin a Magaria. Mutum ne wanda in baƙo ya sauka gidansa zai yanka kazarsa ta ƙarshe, ya kuma ba da haƙuri cewa ta yi ƙanƙanta. Da ya dawo ya kira ni ofis, fuskarsa wasai.

"Mushe Habu, an gama magana. Na ce su riƙe fararen duka."

Na ce, "Duka biyar, Direkta?"

"Ba kai ka ce mini farare ke fara tafiya ba? Mutum ya taso tun daga Magaria ya zo gidanka, ka riga shi sa hannu cikin akushi? A ce da mu me?"

Na yi masa bayani cewa wanda ya fara tafiya yana da ɗan rinjaye, kuma mun ba su wannan rinjayen sau biyar. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ya riga ya faɗa gaban mutane. Na fito ina jin haushi, ina kuma jin dariya, ban san wanda ya fi ƙarfi ba.

Abin da ya rage shi ne shiri. Mai koyar da ƴan Magaria, Mushe Lawali, abokina ne tun makarantar horo, na san wasansa kamar yadda na san rubutun hannuna. Kullum abu ɗaya yake koya wa yaransa. Su tura sojan gaban sarki gida biyu, su ɓoye sarkinsu a lungun ɓangaren sarauniya, sannan su kwararo sojojin ɗaya gefen kan sarkinka. Wanda ya zauna yana tarewa, sai an cinye shi a zaune.

Saboda haka na koya wa yarana buɗewar da ake kira Sisiliyan, wadda mai baƙaƙe ba ya jira a cikinta. Ka amsa da sojan gaban wawan ɓangaren sarauniya. Ɗaya wawan ka ajiye shi a lungu kusa da sarkinka, yana hangen dogon layin da ya ratsa allo daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka buɗe wa rumbu hanya ya tsaya yana kallon dokin da ke gadin ƙofar farin sarki. Idan lokaci ya yi, ka ba da rumbun ka ci dokin. A lissafi ka yi asara, domin rumbu ya fi doki daraja, amma katangar sarkinsa ta rushe. Daga nan tsere ne, shi yana gudu zuwa gidanka, kai kana gudu zuwa nasa. Na sha wuya kafin su yarda, don ba ƙaramin aiki ba ne ka ce wa ɗan manomi ya ba da rumbu.

Wadda ta fi kowa gane abin ita ce Rakiya, ƴar ajin katiryam, wato shekara ta uku a koleji, daga wani ƙauye wajen Dogo-Dogo, tana zaune gidan gwaggonta a nan cikin gari. Yarinyar tana hango tafiya da nisa, wani lokaci kafin ni. Idan ta zauna da ƙanana ba ta da tausayi ko kaɗan. Amma idan ta zauna gabana, ko gaban wani yaro da ya girme ta, sai mu kai daidai wurin, hannunta ya je kan rumbu, ya tsaya, ya koma ya taɓa wani soja da ba ruwansa da komai.

Wata Laraba na kasa haƙuri na ce, "Rakiya, kin ga tafiyar rumbun nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Na gani, Mushe."

"To me ya hana ki?"

"Da nauyi, Mushe."

"Wasa ne fa."

"Na sani. Amma ai kai ne."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na juya mata baya ma in ce ta buga ban gani ba, duk a banza. Haka aka tarbiyyantar da ita, ba ta kutsa wa na gaba da ita. Sai na yanke shawarar in sa ta allo na huɗu, inda Magaria za su zaunar da ƙaramin yaro, ko ma samu maki ɗaya daga wurinta.

Ranar Asabar suka iso da hantsi cikin motar haya. Alƙalin wasa, wani mushe, wato malami, mai koyar da wasanni a Sassumbrum, ya zo da kwalin allunan, domin a kansu za a buga. Direkta ya riga ya yanka akuya, ya ce ba wanda zai taɓa allo sai an ci abinci. Mushe Lawali ya ja ni gefe ya nuna mini gwaninsa, wani dogon yaro ɗan turwaziyam, ajin ƙarshe, mai suna Sanusi, har gemu ya fara tsiro masa. Ya ce tun da aka fara shekara ba wanda ya ci shi.

Ƴan matanmu ne ke raba ruwa. Ina kallo Rakiya ta bi yaran Magaria ɗaya bayan ɗaya, tana rusunawa tana miƙa moɗa. Da ta iso kan Sanusi sai ta wuce shi kamar ba mutum a wurin.

Ya ce, "Ke baiwa, ina ruwana?"

Ta ce, "Rijiya na bayan aji, guga na rataye. Yaushe bawa ya fara aike?"

"Za ki ga aike yau, in kin isa a zaunar da ke gabana."

"Kai da zakaran Inna ya kora har ka bar takalmi?"

Ta fizge hularsa ta ɗora bisa murfin randa, ta yi gaba abinta. Yaran Magaria suka fashe da dariya, shi ma yana dariya. Ni kuwa na tsaya da loma a hannu, don ban taɓa jin muryar yarinyar nan ta kai haka ba. Na kira ta na tambaye ta ko wane ne.

Nan take ta koma Rakiyar da na sani, ido a ƙasa. "Ɗan Kawu Isa ne, Mushe. Taubashina."

Ga waɗanda ba a nan suka tashi ba, taubasai su ne ɗan mace da ɗan namiji, wato iyayensu wa da ƙanwa ne ko ya da ƙane. Tsakaninsu babu kunya, babu girma. Ko ya ba ka shekara goma kana iya tsokanarsa gaban kowa, kuma ba shi da damar yin fushi.

Na ajiye abincin na wanke hannu. Doka ita ce kowane malami ya faɗa wa alƙali jerin yaransa kafin a fara, bayan nan ba canji. Na je na ce masa Rakiya ce allo na ɗaya, inda Sanusi zai zauna, Iliya kyaftin ɗinmu ya koma na biyu, sauran su matsa ƙasa. Iliya ya kumbura, na ce ya yi haƙuri zan yi masa bayani. Direkta ya ji labari ya biyo ni.

"Mushe Habu, yarinyar nan da ko ido ba ta ɗagawa za ka sa gaban wancan ƙaton?"

Na ce, "Direkta, kai ka yi naka a Magaria. Wannan bar mini."

Gaskiya kasada na yi. In na yi kuskure, na zubar da makin da nake da tabbas a kansa, kwalin kuma ya koma mota.

Aka fara a cikin babban aji. Yaran Lawali duka biyar suka tura sojan gaban sarki, kamar an buga musu ƙararrawa, nawa duka biyar suka amsa yadda muka shirya. Na kalli Lawali, ya kalle ni, ya gane na yi masa karatu. Duk da haka allo na uku da na biyar suka tafi da wuri, yaranmu sun tsorata sun koma tarewa. Iliya ya huce haushinsa kan abokin wasansa ya ci. Ɗan allo na huɗu ya ci da ƙyar, bayan lokaci ya ƙare wa na Magaria a agogo. Biyu da biyu ke nan, saura allo na ɗaya.

Kowa ya taru a kansu, har da masu leƙe ta taga. Ba a magana lokacin wasa, alƙali ya riga ya kwaɓe su biyun tun farko, saboda haka da ido suke tsokanar juna. Sojojin Sanusi sun riga sun iso ƙofar sarkinta, Lawali na murmushi. Na duba allon na ga mun kai wurin. Ga rumbu, ga doki, ga wawa a lungu yana hange. Hannunta ya tafi kan rumbu. A nan kullum yake juyawa.

Ta ɗaga kai ta dubi Sanusi ido cikin ido, ta ɗauke dokinsa, ta dasa rumbun da ƙarfi har agogo ya girgiza.

Sanusi ya ci rumbun da soja, ya ɗaga mata gira. Ba ta ko tsaya tunani ba. Sarauniyarta ta fito gefe, dokinta ya yi tsalle ya buɗe wa wawa layi, ɗaya rumbun ya zo ya maye gurbin wanda ya tafi. Sanusi ya gyara zama, murmushin Lawali ya tafi. Yaron nan gwani ne, ban rage masa komai ba, tafiya ɗaya ta rage masa ya ritsa ta. Amma duk motsin da ta yi kashedi ne ga sarkinsa, dole ya amsa, bai samu sukunin yin tafiyar tasa ba. Sarkin ya yi ta gudu har ya rasa gidan shiga, alƙali ya duba ya ce mat, wato an ritsa sarki, wasa ya ƙare.

Da aka ba da damar magana, Rakiya ta jingina da benci ta ce, "To, tashi ka ɗebo mini ruwa."

Ajin ya kaure da dariya da tafi. Sanusi ya riƙe kai yana dariya, ya tashi ya je ya ɗebo, ya rusuna ya miƙa mata. Lawali ya dafa kafaɗata ya ce, "Habu, wannan ba eshek ka buga mini ba, rikicin gida ka jawo." Direkta kuwa ya shiga bin mutane yana gaya musu cewa da ma ya san yaransa sun fi ƙarfi da baƙaƙe. Ban ƙaryata shi ba, farin ciki bai bar ni ba. Motar Magaria ta tashi da la'asar, kwalin yana ofishinmu, yaranmu na layi kowa na son ya taɓa dokin katako.

Abin da ranar ta koya mini shi ne buɗewa da dabara ana koyar da su cikin ƴan makonni, amma yaron da zai buga su daga wani gida ya fito, da abin da aka koya masa tun kafin ya san mu. Na ɓata lokaci ina ƙoƙarin cire wa Rakiya kunyarta, alhali aikina shi ne in san inda kunyar ta tsaya. Idan an kai ku sabon wuri, kada ku tsaya kan makin yaro kawai. Ku san wa yake jin nauyi, ku san kuma gaban wa yake sakewa. Rakiya ta ci gasa da yawa bayan nan, ta gama koleji ta wuce lise, babbar sakandare, a Damagaram. Mun buga da ita ba adadi kafin ta tafi, ba ta taɓa ci na ba ko sau ɗaya, ni da ita kuma duk mun san tana iyawa.