Layin da Aka Ce Ba Ya Ƙarewa

Duk wanda ya taso a kwarin nan namu na bayan dutse, a lardin Batangas, ya ci wainar shinkafar Aling Pacita. Tun tana amarya take gashi a ƙofar gida, garwashi a sama garwashi a ƙasa, ta barbaɗa kwakwa ta miƙo maka a ganyen ayaba. Mace ce mai bakin magana, amma hannunta a sake yake. Mijinta Mang Eulogio direban babur mai ƙafa uku ne, sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba, har ake tsokanarta cewa ita ta cinye masa rabonsa na surutu. 'Yarsu tilo, Jenelyn, tana aikatau a Kuwait, a gidan wata uwar ɗaki da ke kulle mata waya a akwati, sai ranar Juma'a ta ba ta awa ɗaya tak.

Wannan awar ita ce ta riƙe gidan. Sai dai kwarinmu ba ya kama sabis ɗin waya ko kaɗan. A da, duk Juma'a sai tsofaffin nan biyu sun hau dutse suna haki, su tsaya cikin rana suna ɗaga waya sama. Shi ya sa da wani kamfani ya ja wayar intanet ta shigo kwarin, Pacita ce ta fara neman a saka mata.

Wanda ke tallar layin ba baƙo ba ne. Renante ne, ɗan maƙwabta, ita ta riƙe shi ranar baftismarsa, shi ya sa yake ce mata Ninang. Wainar da ya ci kyauta a gabanta Allah kaɗai ya san yawanta. Duk inda ya gan ta sai ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa yana neman albarka.

"Kala uku ne, Ninang," in ji shi. "Akwai ƙarami, mega ashirin da biyar, peso dubu ba ɗaya a wata. Akwai na tsakiya. Sai babba mai mega ɗari, wannan na masu gidan bene ne."

"Ina ruwana da meganka? Jenelyn ta ce in ɗauki wanda ba ya ƙarewa, ita za ta biya."

"Ai shi ne na tsakiyar nan. Ki kwana kina kallo, ki tashi kina kallo."

"Kai ɗan nema, kalle ni nan. Ba ya ƙarewa?"

"Haba Ninang! Ke zan cuta? In na cuce ki ina zan sa kaina a unguwar nan?"

Aka saka ɗan akwati mai ƙyafta koriyar fitila a saman talabijin. Shekara biyu bai taɓa ba ta kunya ba, to me zai cinye, kira ɗaya a mako? Fuskar Jenelyn tana fitowa tas, har ƙurjin goshinta sai uwar ta gani ta yi faɗa. Mang Eulogio ya zauna yana murmushi, in an matsa masa ya ce, "Kin ci abinci?" shi ke nan. Pacita kuwa ta zama mai talla ba albashi. Duk wanda ya zo sayen waina sai ta ce, "Ku je wajen ɗana Renante, yaron nan ba ya ƙarya." Rabin layinmu ta dalilinta suka saka.

Wata Asabar Mang Eulogio ya dawo cin abincin rana, ya ce kansa na juyawa, ya kwanta. Bai tashi ba.

Aka aika wa uwar ɗakin saƙo. Amsa ta dawo: ba zancen tafiya gida, kwantiragi bai ƙare ba, waya kuma sai Juma'a kamar kullum. Pacita ta share hawaye ta ce to ba za a binne shi ba sai Juma'a. Aka kwantar da shi a falo cikin akwati mai gilashi, sanye da farar rigar da ya yi aure da ita, don 'yarsa ta ga fuskarsa kafin a rufe.

Kun dai san zaman makokinmu, ba a barin mamaci shi kaɗai, kuma ba a hana baƙo komai. Aka kafa rumfa, kofi da biskit ba sa yankewa, maza na buga kati, mata na addu'a. Da mutane suka fara tambayar lambar shiga intanet, Renante da kansa ya rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ya manna a ƙofa. Tabɗi! Yara na wasan waya, 'yan mata na kallon fina-finai, dangin da suka zo daga birni na ta aika bidiyo. Shi ma gogan Renante yana gefe yana kallon damben zakaru a wayarsa. Pacita ta ga haka, har daɗi ta ji, ta ce mijinta ya tara jama'a. Me zai dame ta, abin da ba ya ƙarewa?

Juma'a da azahar motar ɗaukar gawa na tsaye a ƙofa, kira ya shigo. Pacita ta riƙe wayar da hannu biyu a saman gilashin. Wani ɗan da'ira ya fito yana ta juyawa. Can fuskar Jenelyn ta bayyana a dagule, ta daskare da baki a buɗe.

"Inna... ba na ga... ina Baba..."

Ya yanke. Aka sake kira, ya sake yankewa. Aka yi ihu kowa ya kashe wayarsa, aka cire akwatin intanet ɗin daga wuta aka mayar, koriyar fitila na ta ƙyaftawa abinta.

"Renante! Zo ka duba abinka!"

Ya taso. Ko taɓa akwatin bai yi ba.

"Ninang, ina jin mun cinye na wata ne."

"Mun cinye me?"

"Na tsakiyar yana da iyaka. In an kai, sai su rage gudun har sabon wata. Babban ne kawai..."

"Kai ka rubuta kwalin can?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe a watan da ya sayar mata, kamfani ya sa kyautar babur ga wanda ya fi sayar da na tsakiya. Babur ɗin ma yana nan a jingine jikin rumfar makoki.

Ba ta zage shi ba, ita da bakinta ba ya shiru. Ta ɗauki hoton fuskar mijinta, ta tuɓe takalmi, ta nufi dutse da baƙar rigarta. Mace mai shekara sittin da wani abu, tana hawa tana faɗuwa, tana kiran sunan 'yarta. Da ta kai inda sabis yake, hoton ya tafi. Ta kira, wayar Jenelyn tana kashe, an riga an mayar da ita akwati. Sai bayan mako guda Jenelyn ta ga mahaifinta, a hoto mai ƙyallin gilashi da ya rufe masa rabin fuska.

Ranar ɗaya ga wata gudun ya dawo garau, kamar ba a yi komai ba. Har yau Pacita na biyan kuɗin layin, don babu wani kamfani a kwarin, kuma Juma'a ba ta fasa zuwa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Bayan addu'ar arba'in Renante ya zo wajen waina, ya tsaya yana murza hula.

"Ninang, na yi magana da ofis. Za su mayar da ke kan babban, da ragi na wata uku."

Ya miƙa hannu zai kama nata ya kai goshi. Pacita ta dube shi, yaron da ta riƙe a gaban bagaden coci yana tsala kuka. Ta mayar da hannayenta biyu ƙarƙashin zanen da ta ɗaura a ƙugu.

"Waina nawa za a ba ka, malam?" ta ce.